Aikin Ido da Hasken Leza: Wa Zai Yi wa Amfani?

Jawabi a taron wayar da kai kan lafiyar ido, don jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi

 

Kwanakin baya wani dattijo ya tare ni ran kasuwa. Jikansa ya nuna masa a waya cewa akwai wani haske da ake haska wa ido, mutum ya tashi yana gani garau. Ya ce in gaya masa gaskiya, don yana shirin sayar da bijimin huɗarsa ya kai mai ɗakinsa. Da na duba idon Mama, sai na ga yana ce ta rufe shi. Na ce, "Baba, bar sanka a turke tukuna." Dalilin wannan jawabi ke nan.

Hasken nan gaskiya ne, sunansa leza. Amma aikin da jikan ya gani an yi shi ne musamman don masu ganin kusa waɗanda ba sa ganin nesa. Ba rashin hangen nesa na masu cinye iri kafin damina nake nufi ba, wannan babu likitan da zai iya! Ina nufin yaron da yake karanta littafi lafiya, amma rubutun allo ya gagare shi sai ya matse ido. Ƙwayar idonsa ta ɗan yi tsawo, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu kafin ya kai bayan ido, ya zama dishi-dishi.

A saman baƙin ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi. Kaurinta wajen rabin milimita ne kawai, amma ita ce take yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Ita leza take sassaƙewa, kamar yadda masassaƙi yake rage ƙotar fartanya, har ta ɗan baje. A tsohuwar hanya, PRK, wadda Amurka ta amince da ita a 1995, ana kankare saman fatar a haska, sai mutum ya yi 'yan kwanaki yana jin zafi kafin ta warke. A hanyar LASIK kuwa, ana yanka siririn murfi a ɗaga, a haska ƙarƙashinsa, a mayar da shi. Yawanci washegari gani ya washe. Akwai kuma SMILE, wadda Amurka ta karɓa a 2016, inda ake zaro ɗan ɓawo ta ƙaramar kafa. Ba a sa mutum barci, maganin ɗigo ne yake kashe zafin, aikin kuma na mintoci ne.

To, ku saurara da kyau. Abin da aka sassaƙe ba ya dawowa. Saboda haka ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda lambar tabaraunsa take canzawa. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ko mai siririyar fatar ido, ko mai ciwon sukari da bai daidaita ba. Mutane da yawa suna fama da bushewar ido na watanni bayan aikin, ku kuwa kun san ƙurar hunturu a ƙasarmu. Waɗansu suna ganin fitilar mota tana tartsatsi da dare. In mutum ya haura shekara 40, zai iya komawa ga tabarau don karatu ko zura zare a allura. Ga kuɗi mai yawa, ga tafiya manyan birane irin su Legas da Abuja. A ganina, ga yawancinmu tabarau da aka auna daidai ya wadatar, kuma ba ya "ƙara kashe ido" kamar yadda ake faɗa.

Wannan aiki ba ya cire yanar ido, ba ya warkar da hawan jinin ido. Ita yana aikinta dabam ne: likita ya cire ta, ya sa sabon gilashi a cikin ido. Ina roƙonku, kada ku ba masu yawo ƙauye-ƙauye idonku su soka masa tsinke su tura yanar ciki. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa don yana ta wannan hanya aka yi, kuma kusan uku cikin huɗunsu sun zauna a makance. Mu fara da babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, su tura mu gaba. Akwai asibitin ido a Katsina, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943.

Iyaye mata, ku lura da yaron da yake manna fuska a littafi ko waya. Kada a ce masa daƙiƙi a doke shi, a kai shi awo. Ku bar yara su yi wasa a waje kamar awa biyu kowace rana, domin hasken rana yana rage musu wannan matsala.

Ga gwajin da za ku yi in kun koma gida. Ku huda ƙaramar kafa a jikin kwali da allura, ku rufe ido ɗaya, ku leƙa abin da ke nesa ta kafar. In gani ya ƙara washewa, alama ce tabarau zai taimaka. In bai canza ba, ku je a duba cikin idon, kada ku jira sai bayan girbi.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.