Ranar da Ma'aunin Kawu Ya Ɓace a Cikin Kwamfuta

Yau labarin wata matsala zan ba ku, wadda ta hana ni barci a Gaya lokacin kakar riɗi.

Kawuna yana sayen riɗi da gyaɗa. Ma'auninsa na lantarki yana tura nauyi zuwa kwamfuta ta tsohuwar wayar siriyal, mai fil tara ɗin nan. Manhajar kuwa sai a Windows XP, wadda ta fito tun 2001. To, ni da na ɗan yi karatu a Wudil, sai na girka Linux, na buɗe kwamfutar cikin kwamfuta, na sa XP a ciki, na jona wayar ta USB.

Komai lafiya, har wani yaro ya yi tuntuɓe da wayar. An mayar, shiru. Manoman Ajingi na tsaye da buhuna, Kawu ya ce, "Kai yaro, ina kilon?" Wallahi gumi ya karyo min.

Ku saurara nan. Idan ka jona wayar, Linux na kiranta ttyUSB0. Ni kuma wannan sunan na rubuta wa kwamfutar ciki. Da wayar ta fita, kwamfutar ciki ba ta saki ƙofar ba, tana riƙe da ita a buɗe. Linux ba zai ba wani lambar da ake riƙe da ita ba, don haka da aka mayar sai ya ce ttyUSB1. Ma'auni na magana a sabuwar ƙofa, manhaja na kasa kunne a tsohuwa. Laifina ne, ba na kowa ba.

Ranar dai kashe komai muka yi muka kunna. Da daddare na daina ba da sunan ƙofa, na miƙa wa XP na'urar USB ɗin kanta ta lambar shaidarta. Tawa CH340 ce, 1a86:7523. Umarnin lsusb zai nuna maka taka. Yanzu ko an zare an mayar, da kanta take komawa ciki.

Saura ɗaya: idan aka canza rami, Windows na iya canza lambar COM. Sai na manna jan salatif a ramin, na ce, "Kawu, nan kaɗai."

Mai irin wannan matsalar da firintar rasit, ya gwada ya faɗa mana. Sai shiri na gaba.