Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Magani: Jawabi kan Ciwon Ƙofofin Zuciya

 

Zuciya tana da ƙofofi huɗu, masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, sukan maƙale a jikin ƙofa, su taru, su riƙa cin ta. A cikin waɗanda muke kwantarwa da wannan ciwo, kusan ɗaya cikin biyar ba ya fita asibiti da rai.

A nan Ingila yawancin waɗanda nake gani tsofaffi ne da aka sa wa ƙofar roba ko na'urar daidaita bugun zuciya, da masu wankin ƙoda, da masu ciwon suga, da masu yi wa kansu allurar ƙwaya. A gida kuwa matasa ne. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro ba a ba shi fenisilin ba, jikinsa ya tashi yaƙar cutar ya haɗa da ƙofofin zuciyarsa, su lalace a hankali. Bayan shekaru, ruɓaɓɓen haƙori, ko dasashi mai zubar jini, ko robar ƙarin ruwa da ta daɗe a hannu, ya isa ya buɗe wa ƙwayar hanya.

Alamomin suna da ruɗi: zazzaɓi na makonni, gumin dare, rama, kasala, haki, kumburin ƙafa. Wani za a ga siraran layukan jini a ƙarƙashin farcensa. Wani kuma guntun abin da ya taru a ƙofar zai ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai ka ga saurayi ɗan shekara 25 da shanyewar ɓarin jiki.

Inda muke asara shi ne kyamis. A ce maleriya ce, a ce taifot ne, a sha kafso kwana uku, zazzaɓi ya lafa ya dawo. Wannan kafson yana ɓoye ƙwayar, ta ƙi fitowa a gwaji. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jini sau uku kafin a fara magani, a kuma ɗauki hoton zuciya. Maganin allura ne ta jijiya, mako 4 zuwa 6, wasu kuma sai an yi musu tiyata.

Roƙona uku ne. In an bugo waya daga gida cewa zazzaɓi ya wuce mako guda, kafin ku tura kuɗin magani ku ce a je asibiti a saurari zuciya. Wanda likita ya ce ƙofarsa ta taɓu, kada ya yi wasa da allurar fenisilin ta wata-wata, kuma ya sanar da likitan haƙori kafin a taɓa bakinsa. Sannan yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, asibiti za a kai shi, a bar wanzami ya huta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.