Jawabin Ran Sadakar Bakwai ta Baba Tsohon Soja



Tsohon da muka rufe ya ga yunwar Kakalaba. Yaƙin 1914 ya zo, aka ɗauke shi soja, ya zubar da jininsa don Faransa. Da ya komo gida me ya tarar? Lanho da aikin tilas, har 1946 da doka ta kashe aikin. Ya riƙe hauya, ya noma hatsi da gujiya. Shi ke yasar rijiyar kasuwa, shi ke kiran gayya a gonar marayu, ko dala bai karɓa ba.

To, damina ta ƙarato, gonarsa ba mai noma. Ran Lahadi kowane reshe ya aiko mana mutum biyar da hauya. Allah ya jiƙan Baba, amin.