Littafin Cikin Waya: Ina Hakkin Marubuci, Ina Buƙatar Ɗalibi?

Jawabin kwamitin ilimi na reshenmu a taron ƙarshen zango

Batun da muka zo da shi yau kowannenmu yana da hannu a cikinsa, sai dai ba mu saba zama mu tattauna shi ba. Muna nufin littattafan da ke shigowa wayoyinmu ta zaurukan WhatsApp, mu buɗe, mu ji daɗi, mu tura wa na gaba.

Bari mu fara da abin da ya faru a cikin gidanmu. Da yawanku kun san wani dattijo daga cikin iyayenmu, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi. Da ya yi ritaya, sai ya tattara darussan da ya tara tsawon rayuwarsa, ya cire wani kaso na kuɗin sallamarsa ya buga ɗan littafin bita ga masu shirin jarrabawar kammala sakandare. Zango ɗaya bai cika ba wani ya ɗauki hoton shafukan littafin tun daga bango har bango, ya haɗa su wuri guda, ya sake su a waya. A nan muke sunkuyar da kai: ta zauren reshen nan ma littafin ya bi, kuma wasu daga cikin 'yan wannan kwamiti sun tura shi, da kyakkyawar niyyar taimakon ɗalibai. Yau katan-katan na littafin suna jibge a ɗakinsa, gara na neman hanya. Da muka je gaishe shi, bai yi mana faɗa ba. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, shi ne kwafin da ke yawo an yanke shafin farko, babu ko sunansa.

Duk da haka, ba za mu yi kamar ba mu san ɗaya ɓangaren ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muke shiga aji mu tarar da yara bakwai sun yi cincirindo a kan littafi guda. Mu ne iyaye ke zuwa wurinmu a farkon shekara da jerin littattafan da kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunsu. Malamin da ya tura littafi ga ɗalibinsa ba ya jin ya yi sata, ji yake ya yi sadaka. Wannan takaddama tsakanin hakkin mai rubutu da buƙatar mai karatu ta kai gaban alƙalai a ƙasashen da suka fi mu yawan ɗakunan karatu, kuma akwai darasi a yadda aka yanke ta. Za mu kawo shari'u biyu.

Ta farko a Amurka aka yi ta. Akwai wata cibiya a birnin San Francisco mai suna Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996. Cibiyar takan mallaki littafin takarda, ta ɗauki hoton shafukansa, sannan ta ba da aron hoton ta intanet bisa ƙa'idar kwafi ɗaya, mai aro ɗaya: in littafi ɗaya take da shi a ajiye, mutum ɗaya ne zai karanta a lokaci guda, saura su bi layi. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da ɗakunan karatu, sai cibiyar ta ɗage wannan ƙa'ida, ta buɗe littattafai sama da miliyan ɗaya ga duk mai so ba tare da jiran layi ba. A watan Yuni na wannan shekara manyan kamfanonin ɗab'i huɗu, wato Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House, suka kai ta ƙara. A watan Maris na 2023 alƙali John Koeltl ya ba kamfanonin gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Satumba na 2024, kuma a watan Disamba cibiyar ta sanar cewa ba za ta je kotun ƙoli ba. Abin lura shi ne hukuncin bai tsaya kan sakin da aka yi lokacin annoba kaɗai ba, har tsohuwar ƙa'idar kwafi ɗaya, mai aro ɗaya ya rusa. Dalilin kotun shi ne hoton cikakken littafi yana maye gurbin wanda kamfanin ke sayarwa. Cibiyar ta ce littattafai fiye da 500,000 ta cire daga jerin aronta.

Shari'a ta biyu a Indiya aka yi ta, kuma ta fi kama da halin da muke ciki. A harabar Jami'ar Delhi akwai wani ɗan shagon fotokwafi mai suna Rameshwari. Malamai sukan zaɓo babi-babi daga littattafai daban-daban gwargwadon abin da za su koyar, shagon ya kwafa, ya ɗinke, ya sayar wa ɗalibai da araha. A 2012 maɗaba'un jami'o'in Oxford da Cambridge tare da kamfanin Taylor & Francis suka kai shagon da jami'ar ƙara. Ɗalibai da malamai suka shiga shari'ar don kare shagon. A watan Satumba na 2016 babbar kotun Delhi ta yi watsi da ƙarar, bisa hujjar cewa dokar ƙasar ta halatta kwafin da malami ko ɗalibi ya yi a cikin aikin koyarwa. Da aka ɗaukaka ƙara, alƙalai suka ce ma'aunin shi ne ko abin da aka kwafa bukatar darasin ce ta kira shi. A watan Maris na 2017 kamfanonin suka janye ƙararsu.

Dokokin ƙasashen biyu sun bambanta, amma in muka ajiye shari'un gefe da gefe za mu ga wani layi da ya raba su. A Delhi, malami ne ya zaɓi yanki don darasi sananne, ga ɗalibai sanannu. A Amurka, cikakken littafi aka miƙa wa jama'a baki ɗaya. Mu tambayi kanmu da gaskiya: abin da muka yi wa littafin dattijonmu, wanne ya fi kama da shi?

To, me dokarmu ta ce? Nijeriya tana da sabuwar Dokar Hakkin Mallaka ta 2022, wadda shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988. Akwai abubuwa biyar a cikinta da ya kamata kowane malami ya sani.

Na ɗaya, hakki yana tabbata ga marubuci da zarar ya rubuta aikinsa, ba sai ya yi rajista ba. Na biyu, hakkin littafi yana nan tsawon rayuwar marubucin da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Bisa wannan lissafi, marubucin da ya rasu a 1981, kamar Alhaji Abubakar Imam, sai bayan 2051 aikinsa zai zama na kowa. Tsufan littafi ke nan ba ya nufin an yafe shi. Na uku, dokar ta bar ƙofa a buɗe ga karatun mutum na kansa, da binciken da ba na kasuwanci ba, da sharhi, da koyarwa, amma ta sa ma'auni: a duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da illar da ɗibar za ta yi wa kasuwar littafin. Shafi uku da malama ta kwafa don darasin gobe yana da mafaka a ƙarƙashin wannan ma'auni. Cikakken littafi da aka jefa cikin zaure mai mutum ɗari biyu ba shi da ita. Na huɗu, mai hakki yana iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da aikinsa a intanet ya nemi a sauke shi, kuma akwai Hukumar Kare Hakkin Mallaka ta Nijeriya da ake kai wa koke. Na biyar, dokar ta ba da damar mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko murya domin masu larurar gani, abin da ya shafi abokan aikinmu na makarantun masu buƙata ta musamman.

Akwai kuma wani sashe da ya taɓa mu kai tsaye a matsayinmu na ma'aikata. Dokar ta ce aikin da mutum ya samar a cikin hidimar da gwamnati ta ɗauke shi dominta, hakkinsa na gwamnatin ne, sai in akwai yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Ina matsayin darussan da malami ya tsara da daddare a gidansa, da fitilarsa da datarsa, sannan ya koyar da su da safe? Wannan tambaya ce da ƙungiya ya kamata ta nemi amsarta a rubuce tun kafin rikici ya taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ai wannan duk al'adar Turawa ce, mu a wurinmu ilimi ba a ɓoye shi. Gaskiya ne kakanninmu sun yaɗa ilimi ta hanyar kwafi. Kafin zuwan injin ɗab'i, da alƙalami da tawada ake juyar littafi daga hannu zuwa hannu, daga Katsina zuwa Kano zuwa Sakkwato. Amma duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan takardu ya san mai juyawa yakan ambaci mawallafi da girmamawa, sau da yawa ya rubuta nasa sunan a ƙarshe, almajiri kuma yakan faɗi wurin wa ya karanta. Jingina magana ga mai ita tsohuwar tarbiyyarmu ce. Wanda ya yanke shafin farko na littafin dattijonmu ya saɓa wa dokar Abuja, ya kuma saɓa wa ladabin zaure.

Sannan mu dubi abin da ke jiranmu a gaba. Littattafan Turanci ko mun saya ko ba mu saya ba, kasuwarsu tana da faɗi a duniya. Littafin Hausa kuwa, ko littafin da aka rubuta daidai da manhajarmu da misalan garuruwanmu, ba shi da wasu masu saye sai mu. In wanda ya rubuta na farko ya tafka asara, ba zai rubuta na biyu ba, matashin malamin da ke kallonsa kuma ba zai fara ba. Ranar da muka wayi gari babu sabon littafi da harshenmu, babu abin da za mu tura ko da muna so.

Saboda haka kwamitinmu yana gabatar wa taro shawarwari huɗu.

Ta farko, mu amince cewa daga yau ba a tura cikakken littafin da ke kasuwa a zaurukan reshen nan, sai da izinin mai shi. Wanda yake buƙatar shafi ko babi don darasi ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa, ya rubuta sunan marubuci da na littafin a kai.

Ta biyu, mu koyi amfani da abin da masu shi suka riga suka yafe. Akwai lasisin Creative Commons, wanda marubuci ke liƙa wa aikinsa don ya ce: ku kwafa, ku raba, amma ku ambaci sunana, in ya ga dama ya ƙara da cewa kada a sayar. Shirin African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu yana da labaran yara da harsunan Afirka da dama, har da Hausa, a ƙarƙashin irin wannan lasisi, kuma malamin firamare yana iya saukewa ya buga ba tare da fargaba ba. Hukumar UNESCO ma ta zartar da shawara a 2019 tana kiran gwamnatoci su tallafa wa irin waɗannan kayan koyarwa.

Ta uku, mu rubuta namu. A cikin wannan ɗaki akwai masu shekara ashirin suna koyar da kimiyya, da masu shekara talatin suna koyar da Hausa. In malaman kowane fanni suka zauna sau ɗaya a wata, kafin shekara ta zagayo za mu sami darussan bita na reshenmu, da sunayen waɗanda suka rubuta a jiki, da lasisin da ya ba kowane yaro damar karantawa kyauta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma ya zaɓi ya sayar da nasa, mu saya, mu sa makarantunmu su saya.

Ta huɗu, mu mayar da nauyin inda ya dace. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta lissafa littattafai cikin abubuwan da za a ba yaran firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason. Duk lokacin da muka toshe giɓin littafi da kwafin sata, mun ɗauke wa hukuma nauyinta mun ɗora wa marubuci. Muna roƙon shugabannin reshe su sa batun littattafai cikin jerin buƙatunmu, kusa da batun albashi da ƙarin girma, su kuma nemi lauyan ƙungiya ya fayyace mana matsayin rubuce-rubucen malamai.

Kafin mu zauna, akwai bashin da ke kanmu. Sakatare zai zagaya da takarda. Duk wanda littafin dattijonmu ya bi ta wayarsa, muna roƙonsa ya rubuta sunansa da adadin kwafin da zai saya, ko don kansa ko don ɗakin karatun makarantarsa. 'Yan kwamiti mun riga mun rubuta namu a sama. Ranar Asabar mai zuwa za mu kai masa kuɗin da hannunmu, mu nemi afuwarsa, mu kuma tambaye shi ko zai yarda ya jagoranci zaman malaman lissafi na farko.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a aikinmu da zuriyarmu.