Wasannin bidiyo masu ƙanƙantar da ɗan wasa

Akasarin wasannin bidiyo kan mai da ɗan wasa gwarzon da duniya ke jira ya cece ta. Akwai kuma waɗanda aka ƙera da gangan domin ya ji shi ba kowa ba ne.

Wasu da girman abokin gaba suke cimma haka. A Shadow of the Colossus na 2005, wanda Fumito Ueda ya jagoranci ƙerawa a Japan, saurayi ɗaya mai doki da takobi da baka ke tunkarar dodanni 16, wasunsu sun fi dogon bene tsawo. Sai ya damƙi gashin jikinsu ya hau kafin ya kai wurin suka. Tsakanin dodo da dodo kuwa fili ne fetal, ba gari ba mutane, kuma wannan shirun ya fi dodannin taɓa zuciya.

Wasu da faɗin sararin samaniya suke aiki. Elite Dangerous na 2014 ya ƙunshi rukunin taurari kusan biliyan 400, kuma bayan shekaru ana yawo, abin da 'yan wasa suka gano bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Outer Wilds na 2019 da lokaci yake aiki. Duk bayan minti 22 rana takan fashe, komai ya hallaka, a koma farko. Babu sabon makami, babu ƙarin ƙarfi. Ilimin da ɗan wasa ya tara kaɗai ke binsa, kuma duk yawansa ba ya hana ranar fashewa.