Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Kan Shaidar Masu Saye A Intanet

 

Tun da aka kafa Sabo a nan Ibadan a shekarar 1916, cinikinmu bisa shaida yake tafiya. Falke ya sauko da shanu daga Arewa, bai san mahaucin garin nan ba, amma mai gidan da ya sauke shi ya sani. In mai gida ya ce a ba wane bashi, an ba shi. In kuɗi suka maƙale, shi zai biya. Wato mai shaida yana da fuska, yana da gida, kuma bakinsa na iya jawo masa asara.

To jama'a, yau shaida ta koma cikin waya. Tun da Jumia da Konga suka fara a 2012, mai saye a wurinsu ba ya taɓa kaya da hannu, sai dai ya duba taurari, daga 1 zuwa 5, da abin da waɗanda suka riga shi saye suka rubuta. Kaya biyu iri ɗaya, kuɗi ɗaya, wanda aka fi yabo shi ake ɗauka. Mu ma haka muke yi. Wa zai ce bai taɓa fasa sayen caja ba don mutum biyu sun ce ta ƙone musu?

Abin dubawa shi ne, mai rubutun nan ba mu san shi ba, kuma in ya yi ƙarya ba ya biyan ko kwabo. Har yabon haya akwai. A 2015 kamfanin Amazon ya kai ƙarar mutum fiye da 1,000 masu sayar da yabon ƙarya, a 2024 kuma hukumar kasuwanci ta Amurka ta haramta saye da sayar da shi. Saboda haka in za mu saya, mu karanta masu tauraro 2 da 3, su ne suka fi faɗin aibi da alheri tare. Yabo goma a rana ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, a yi hattara.

Amma inda abin ya fi shafarmu shi ne wajen sayarwa. Mai tsire, mai kilishi, tela, ɗan canji, ana rubutu a kanku a Google da Facebook, ko kun sani ko ba ku sani ba. Kuma kun san halin zaman baƙunci: in ɗayanmu ya tauye mudu, ba sunansa ake rubutawa ba, "aboki" ake cewa, sai laifin ya hau kanmu duka. Ƙorafin baki a kasuwa yakan wuce da yamma, na waya kuwa yana nan har baɗi.

Muna roƙon matasanmu masu karatu, ku riƙa duba wa iyayenku abin da aka rubuta kan shagunansu, ku karanta musu ba tare da ɓoye mai ɗaci ba. In ƙorafin gaskiya ne, a canza kaya ko a mayar da kuɗi, a amsa a nan inda aka rubuta, da ladabi, don mai karatu na gaba ya gani.