Baƙo a Sabon Harshen Kwamfuta: Wane Firemwok Zai Ɗauka?



An nemi in yi magana a kan wata matsala da ke damun masu koyon gina shafukan intanet, wato idan mutum ya bar harshen kwamfutar da ya saba da shi ya koma wani, wane firemwok ya kamata ya ɗauka. Shi firemwok harsashi ne da ginshiƙai waɗanda gwanaye suka riga suka kafa, kai kuwa ka zo ka ɗora ɗakunanka bisa.

Ni da harshen PHP na fara, ina aiki da Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011. Da lokacin aikin shekarar ƙarshe ya zo, sai malamin da ke duba ni ya ce lalle da Python zan yi. Aikin kuwa shi ne shafin da dillalin albasa a nan Aliero zai riƙa rubuta buhunan da ya karɓa, da waɗanda aka loda zuwa Kudu, da kuɗin da manoma ke binsa.

Na tarar da mashahurai guda biyu: Django, wanda ya fito a 2005, da Flask, na 2010. Na ga Flask ƙarami ne, da 'yan layuka kaɗan shafi ya tashi, na ce ai baƙo da ƙaramin kaya ya dace. Ashe ƙanƙantarsa ita ce nauyinsa. Bai zo da hanyar magana da rumbun bayanai ba, bai zo da tsarin shiga da kalmar sirri ba. Kowanne sai ka nemo da kanka cikin abubuwan da wasu suka rubuta. Wanda ya daɗe a Python ya san na kirki ya san na banza. Ni kuwa sai na zama kamar baƙon da aka aika kasuwar Jega ya sayo kayan gini bai san rumfar kowa ba. Mako shida na ɓata, daga bisani na gano ɗaya daga cikin abin da na ɗauko masu shi sun daɗe da barin gyara shi.

Da na koma Django sai na iske duk waɗannan a haɗe, har da shafin kula da bayanai da kariya daga wasu hare-haren da aka saba kai wa shafuka. Bugu da ƙari, tsarinsa bai yi nisa da na Laravel ba, saboda haka abin da na sani a da bai tafi a banza ba. Ban ce Flask ba shi da kyau ba. Na ce dai na ɗan gari ne.

To, shawarata uku ce. Da farko, koyi harshen kansa ko da na mako biyu ne kafin ka taɓa firemwok, don ka iya rarrabe kuskurenka da nasa. Na biyu, ɗauki wanda littafin bayaninsa ya cika, kuma ana iya sauke shi a karanta ba tare da intanet ba, gama kun san halin layinmu. Na uku, tambayi wa ke kusa da kai da ya iya shi, domin da ɗan gari akan ci gari.

Ku kuma ma'aikata, ku tuna aikin gwamnati ba ya rabuwa da canjin wuri. Shafin da ka gina wa ofishinku yau, gobe wani ne zai gaje shi. Django yana fitar da wani bugu duk shekara biyu wanda ake ci gaba da gyara shi har shekara uku. Irin wannan alkawari ya kamata ku nema, kada ku bar wa magajinku ginin da ba mai iya taɓawa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.